Baba Roba Da Hannun Gwaggo

Ku matso, ku rage murya. Akwai abin da na gani da idona a gidan hayarmu, a hawa na sama, ƙofar ƙarshe, kuma har yau ban faɗa wa kowa ba. To, ban da mai kemis ɗin ƙasa, da matar direba, da mai yi min kitso. Amma wannan ai ba faɗa ba ne, ajiya na ba su. Ku ma zan ba ku, sai dai ba yanzu ba. In na juye muku shi haka nan ba ku san mutumin ba, tsikar jikinku ba za ta tashi yadda tawa ta tashi ba, ni kuwa ba na son in ji tsoro ni kaɗai.

Gidan namu bene ne, ɗaki shida a ƙasa, shida a sama, matattakala ashirin da ɗaya, famfo guda a tsakar gida. Ɗakina ne na farko in ka hau, tagata tana kallon barandar gaba ɗaya, tana kuma hango famfo. Ba ni na gina gidan ba, don haka kada wani ya ce min mai sa ido. Magini ne ya sa tagar, ni zama kawai nake yi a bayanta.

A ɗakin ƙarshe Baba Roba yake. Yana da suna na gaskiya, amma ko mai gidan ya manta shi. Shekararsa saba'in da huɗu. Kun san tsoho tun daga nesa ake jin zuwansa: tari, nishi, gwiwa tana ƙas ƙas kamar ana karya kara. Shi babu ko ɗaya. Sai dai kina tsaye a famfo ki ji wata iska a ƙeyarki, ki waiwaya, ga shi a bayanki da bokiti, minti nawa ya yi a wurin Allah kaɗai ya sani. Allura ta faɗi ƙasa, zai sunkuya ya ɗauka gwiwarsa ba ta lanƙwasa ba. Na taɓa ganin ya kai hannu ɗaya ta saman kafaɗa, ɗaya ta ƙasa, yatsun suka gaisa a tsakiyar bayansa. Matar direba ta rantse ta ga ya waiga ya kalli dugadugansa bai motsa ƙafa ba. Ita tana da ƙari a magana, ni dai abin da na gani nake faɗa.

Yanzu ku gyara zama. Shekara talatin da takwas ya yi yana aiki a ɗakin ajiye gawa na babban asibiti.

Matarsa tela ce, duk gidan Gwaggo muke ce mata. Ita ta ba ni asalin labarin wata rana da na kai mata ɗinki, bakinta cike da fil. Ta ce a satinsa na farko a wurin, yana ɗan shekara ashirin da huɗu, aka kawo wani dattijo mai gyaran takalma. Mutumin ya ƙare rayuwarsa a duƙe a kan takalman mutane, bayansa ya ranƙwafe kamar ƙugiya. Aka kwantar da shi, ya ƙi kwanciya. Aka tura durowar ƙarfen, ta ƙi rufuwa, gwiwa ta tokare. Tsofaffin ma'aikata suka ce a danna kawai. Shi sabon zuwa ya ce a bar masa. Ya rufe ƙofa, ya zauna da mamacin awa guda, yana kama gaɓa ɗaya bayan ɗaya, yana ja a hankali, yana ƙirga talatin, yana cewa, "Saki, malam. An tashi daga aiki. Saki."

"Da ya dawo gida ranar," in ji Gwaggo, "ko abinci bai kalla ba. Ya tsaya a tsakar ɗaki ya ɗaga hannuwa sama kamar wanda 'yan fashi suka tare. Na ce, Malam, lafiya? Ya ce, Tela, ni ba zan ba wa mai karɓar gawata wahala ba. Tun ranar yake wannan rawar da babu kiɗa."

Shekara hamsin ke nan, bai tsallake kwana ɗaya ba. Rana tana fitowa zai fito baranda da ɗan tawul. Wuya tukuna: dama talatin, hagu talatin. Sai kafaɗa. Sai ya dafa bango ya tura ƙafa ɗaya baya. Sai ya zauna ya miƙe ƙafafu ya kamo yatsunsu. Ba ya fizga, ba ya gaggawa, ba ya riƙe numfashi. Ya ce inda jiki ya fara ja, nan ake tsayawa a gaisa da shi, ba a kai shi ga zafi. Kuma ba a baranda kaɗai ba. A layin famfo yana yi, a tashar mota yana yi. Ranar auren 'yarsu aka nemi uban amarya aka rasa, sai a bayan motocin baƙi aka same shi, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan but ɗin wata mota.

Mu muna dariya, shi yana tsufa a miƙe. Direban ɗaki na uku shekararsa arba'in da biyar, matarsa ke sa masa safa. Mai askin ƙasa in ka kira shi daga gefe, da dukkan jikinsa yake juyowa kamar ana juya firji. Baba Roba kuwa bokiti biyu yake hawa da su. Bara, wata rana da aka yi ruwa, ya zame a matattakala ta sha biyu. Mun riga mun fara salati, sai ga mutum ya dafa, ya lanƙwashe, ya dira a tsaye, ya koma ya ɗauko takalminsa. Ko tsami jikinsa bai yi ba. Mai kemis ya ce tun da ya buɗe shago bai taɓa sayar masa da maganin ciwon baya ba, kuma da takaici yake faɗa.

Abin da ya sa mutane ke kauce masa ba aikinsa ba ne, kallonsa ne. Ba ya kallon fuska. Kuna gaisawa idonsa yana kan kafaɗarki, ya gangaro ƙugu, ya sauka gwiwa, kamar mai awo babu tef. Ya ce shi ba sai an gaya masa sana'ar wanda aka kawo masa ba, jikin ne ke faɗa: mai zaman ofis kafaɗa a ɗage, direba ƙugu a kulle, mai ɗinki wuya a tanƙware. Wata rana ya tsaya a ƙofar mai aski, ya dube shi tsaf, ya ce a hankali, "Wuyan nan naka zai ba da wahala."

"Wa zai ba wa wahala, Baba?"

"Ba ni ba dai. Na yi ritaya."

Mai aski ya rufe shago ranar tun azahar ba ta yi ba.

Ni ma ban tsira ba. Ya same ni na leƙo ta taga, ya ce, "'Yar nan, leƙe yana cin baya. Ki riƙa miƙewa tsakanin labari da labari."

Na ce, "Baba, ni iska nake sha."

Ya ce, "To ki sha a tsaye."

Gwaggo ce kaɗai ke iya masa. Tana kan kekenta za ta ɗaga murya, "Malam, in ka gama rawar ka zo ka zura min zare."

"Tela, taso ki yi talatin ɗaya tak."

"In na taso wa zai ɗinka? Kai ka miƙe mana mu biyu."

Shekara hamsin da ɗaya suna wannan a ɗaki ɗaya, shi yana miƙa, ita tana tsiya.

Sai wata safiya, wata shida da suka wuce, keken ɗinkin ya tsaya a tsakiyar layi. Kun san ƙarar da kunne ya saba da ita, sai ta ɗauke ake jin ta. Shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren dama. Sati uku ta yi a asibiti. Ranar da aka sallamo ta, direba da mai aski suka tsaya a gindin matattakala suna shawarar yadda za a hau da ita, kowa yana dafe da inda ke masa ciwo. Baba Roba ya goya ta, an lulluɓe ta da zane har kai, ya hau ashirin da ɗayan nan bai tsaya ba. Ya shiga ɗaki, ya tura ƙofa da dunduniya.

Daga ranar ba wanda ya sake ganin Gwaggo.

Ka je dubiya, ya buɗe ƙofar faɗin tafin hannu, ya ce, "Tana hutawa, ta gode." Labulen tagarsu bai ƙara motsi ba. Muna ganin yana wanke kwano biyu, yana shanya rigunanta a igiya, warin man zafi yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa. Amma murya, tari, ko atishawa ta mace, babu.

Sau uku a rana kuma ake jin wani abu. Na tsakar rana ne ya fi tayar da hankali, lokacin da yara suna makaranta, maza suna wurin aiki, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, gidan ya yi tsit har daga sama ana jin ɗigon famfo. Sai muryarsa ta taso daga ƙarshen baranda, ƙasa ƙasa, ba hawa ba sauka: "Ɗaya. Biyu. Uku." Har talatin. Sai shiru. Sai kuma: "Saki. Saki mana. An tashi daga aiki. Saki."

Ni da na san inda ya koyi kalmomin nan, ku gaya min yadda zan yi.

Ban ce komai ba, Allah ne shaida. Tambaya kawai na yi wa mai kemis: "Anya kuwa Gwaggo tana numfashi?" Tambaya ce fa. Kafin yamma matar direba ta ji wari, mai aski ya ga ana shiga da ƙanƙara, mai kitso ta ce dama ita tun farko idon mutumin bai yi mata ba. Cikin kwana uku maganar ta hau mota ta je har garin da 'yarsu take koyarwa.

Malama muke ce wa 'yar. Ta hau benen nan bibbiyu, ta shige ɗakin, ƙofar ba ta rufu sosai ba. Ni kuma aka yi dace daidai lokacin tabarmata tana bukatar kakkaɓa.

"Baba, me kake mata haka? Dubi hannunta! Sakar mata yatsu!"

"In na sake su dunƙulewa za su yi. In suka daɗe a dunƙule ba mai buɗe su."

"Mama ba gawa ba ce, Baba!"

"Shi ya sa nake yi sau uku. Gawa sau ɗaya ake mata." Na ji ƙarar takarda. "Ga shi, likitan gashin ƙashi ne ya zana min. Abin da na sani shekara hamsin ya ba ni a hoto."

"Ka kulle ta kamar fursuna. Ka san abin da ake faɗa a gidan nan?"

"Ita ta ce kada a gan ta baki a karkace. Na ce to."

"Zan tafi da ita. Gidana a ƙasa yake, ba matattakala, kuma na sami mai kula da ita. Gado ɗaya ne ya rage. Kai ka zauna nan tukuna."

Can ya ce, "Tukuna har yaushe?"

Sai cewa Malama ta yi, "To ji, Baba. Ranar ƙarshen wata zan dawo da mota. In na ƙwanƙwasa, Mama ta taso ta buɗe min ƙofar nan da wannan hannun, na bar muku ɗakinku. In kai ka buɗe, da ita zan sauka."

"Kwana ashirin da biyu ke nan," in ji shi.

Malama ta fito ido jajir, ta kalle ni, ta kalli tabarmar da ta sha duka har ta fara zarewa, ta ce, "Sannu da aiki, Anti." Irin sannun nan da gara a zage ka.

Kun ga dai Gwaggo tana raye. Na ce alhamdu lillahi, na sauka na gaya wa mai kemis. Ya ture gilashinsa ya ce, "Kin ji muryarta?" Duk tsawon rigimar nan mutum biyu kawai na ji.

To, ga sirrin da na yi muku alkawari.

Bayan kwana goma, da tsakar rana, ba wuta, gidan tsit. Sai na ji wata sabuwar ƙara daga ɗakin ƙarshe. Shaaa, ɗif. Shaaa, ɗif. Kamar ana jan buhu a kan siminti ana hutawa. Ta zo daidai bayan ƙofa ta tsaya. Na leƙa ta tagata. Hannun ƙofar nan tsohon ƙarfe ne mai tauri, ko mai lafiya sai ya danna da ƙarfi. Ina kallo ya fara sauka. Faɗin yatsa ɗaya. Ya yi rawa, ya yi rawa, ya koma sama, ƙwas. Ya sake. Ya sake. Na ce a raina tsohon ne yake sa masa mai.

Sai na ji ruwa yana zuba a bokiti a ƙasa. Na sauke ido. Baba Roba ne a famfo, ya ɗora ƙafa ɗaya a bango yana miƙa.

Shi yana ƙasa. Hannun ƙofar yana motsi a sama.

Wallahi a cikin zafin nan sai da na jawo bargo. Ya ɗago kai, ba ni ya kalla ba, ƙofar ya kalla, leɓensa yana motsi. Ƙirga yake yi. Ya hau da bokitansa biyu, ya wuce tagata kamar inuwa, ya tsaya a bakin ƙofarsa. Bai taɓa ta ba, bai kuma ajiye bokitan ba, don kada su yi ƙara. Haka ya tsaya, ruwa a hannu biyu, har ƙarar nan ta shaaa, ɗif ta koma ciki, gado ya yi ƙara. Sannan ya yi gyaran murya ya shiga, yana cewa, "Tela, layin famfo yau ya yi tsawo." Shi kaɗai ne fa a famfon.

A nan na gane. In ya sauka ɗibar ruwa, ita take jan ƙafa ta zo ta gwada, ba ta so ya ga ta kasa. Shi kuma ya sani, ba ya so ta san ya sani. Ganewar ba ta hana ni jin tsoro ba. Kullum da tsakar rana hannun ƙofar yana sauka shi kaɗai a barandar da ba kowa. Yatsa ɗaya. Bayan kwana huɗu yatsa biyu. Sai uku. Bai taɓa kaiwa inda zai buɗe ba.

Saura kwana biyu na ji ya gama ƙirga ya ce, "Tela, hannu dubu nawa na buɗe a rayuwata, ba ɗaya da ya riƙe nawa. Naki kaɗai nake jira." Sai wata 'yar ƙara da har yau ban sani ba ko dariya ce ko kuka.

Ranar ƙarshen wata da tsintsiya na tashi. Barandar nan ta sha shara sau uku kafin ƙarfe goma, musamman gaban ƙofar ƙarshe, inda ƙura ta fi taruwa. Da na ga ba kowa, na jingine tsintsiyar, na duƙa, na kafa ido a ramin makulli.

Ga keken ɗinki an rufe shi da zane. Ga bakin gado. Ga Gwaggo a zaune, ta rame, ɓarin fuskarta ya sauka, amma an sa mata riga mai kyau an gyara mata ɗankwali. Baba Roba yana durƙushe a gabanta, hannunta na dama a cikin nasa biyu. Ya buɗe babban yatsa, talatin. Manuni, talatin. Yana saki, yatsan ya fara komawa a hankali kamar mai tunani, ya sake kamo shi.

"Saki, Tela."

Sai na ji ta. Karon farko a wata shida. Murya mai nauyi kamar daga ƙasan rijiya: "Malam... ka cika... mita."

Ya yi dariya ba sauti, kafaɗunsa kawai ke motsi.

Yatsa biyar, wuyan hannu, gwiwar hannu, kafaɗa, kowanne talatin, duk a duƙe na kalle su. Sai na ji hon a bakin gida, aka rufe ƙofar mota, takalman Malama suka fara hawa. Na ce bari in ɗauki tsintsiyata. Na yunƙura zan miƙe.

Bayana ya ce ƙas.

Wani zafi ya taso daga ƙuguna har ƙeya. Na tsaya a nan kamar ƙugiya, ba sama ba ƙasa. Na sake yunƙurawa, ƙafata ta goce, goshina ya bugi ƙofar. Sau biyu. Ƙwan. Ƙwan.

Sai muryar tsohon daga ciki: "Ga ta nan. Tela, naki ne. Ni ba na nan."

Shaaa, ɗif. Shaaa, ɗif. Ramin makullin ya yi duhu. Malama ta iso ƙarshen baranda, ta gan ni a duƙe, ta buɗe baki za ta yi magana. Ban iya ɗaga kai ba, yatsa kawai na ɗaga na nuna mata hannun ƙofar. Ta kafa masa ido.

Ƙarfen yana daidai kunnena. Ya fara sauka. Yatsa ɗaya. Biyu. Uku. Ya tsaya a inda ya saba tsayawa, yana rawa. Ina jin numfashi ta cikin katakon, mai nauyi, dab da goshina. Ban san lokacin da na fara ƙirga ba, sai na ji Malama ma tana yi ƙasa ƙasa. Sha tara. Ashirin. Ƙarfen bai koma sama ba. Ashirin da shida.

Ƙwas.

Ƙofar ta buɗe ciki, na damƙi bango don kada in bi ta. Daga inda kaina yake abu ɗaya nake gani: hannu siriri yana ƙyallin man zafi, yatsu biyar sun naɗe ƙarfen. Na dama ne.

Makullin mota ya faɗi daga hannun Malama. "Mama."

"Koma... da motarki," in ji Gwaggo.

"Zan koma, Mama. Na gani. Baba, na gani."

Gwaggo ta sauke ido kaina, ta daɗe tana kallo. "Wannan kuma... awo ta zo?"

Ban ji zuwan Baba Roba ba. Dama wa ya taɓa ji? Tafin hannu mai sanyi kawai na ji a ƙeyata. Ya bi ƙashin bayana da babban yatsa, gaɓa gaɓa, kamar wanda ya sami abin da ya daɗe yana jira.

"Na gaya miki, 'yar nan."

"Baba, shara nake yi."

"Na sani. Wata shida kina share min ƙofa, inuwar ƙafarki nake gani ta ƙasa. Kada ki yunƙura. Ja numfashi. An tashi daga aiki."

"Baba, da raina fa!"

"Shi ya sa za mu yi sau uku a rana," in ji shi. "Saki. Ɗaya. Biyu."